Takalmin Baffa a Bakin Gonata

Ni ne mai laifi, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya furtawa.

Layin gamba ne kawai ya raba gonata da ta Baffa, ƙanin mahaifina, a ƙauyenmu da ke gefen Bagwai. Tun rabon gado ba ma shiri. Sau biyu yana take mini ƙafa a sahun salla, ko waiwaye bai yi ba. Na ƙullace shi.

A daminar da aka yi ta satar mini ɗanyar masara, wata safiya na tsinci silifas ɗinsa wari ɗaya a bakin kunyar gonata. Kowa ya san takalmin, don da waya ya ɗaure igiyar. Ban je gidansa ba, ƙofar mai unguwa na nufa. Aka kira Baffa, mutane suka taru.

"Nawa ne," in ji Baffa. "Sai da na isa gida na ga babu shi a ƙafata."

Na tuntsire da dariya. "Baffa, takalmi ya fita daga ƙafar mutum bai sani ba? Ko nauyin buhun ne ya ɗauke maka hankali?"

"Ni kake kira ɓarawo? Ni da na yanka ragon sunanka?"

"Ban kira ba. Takalmin ne ya kira."

Ya ce ƙafafunsa sun daɗe da canjawa. Wani lokaci zafi kamar an zuba barkono, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a ciki, in yana tafiya kuma kamar auduga yake takawa. Na ce ciwon da ba kumburi, ba rauni, ai ciwon baki ne. Mai unguwa bai yanke komai ba, amma magana ta riga ta fita. Baffa ya daina zama a majalisa, ana idar da salla sai ya wuce gida. Ni kuwa daɗi na ji.

Lokacin girbin gero na hango shi yana tafiya a hanyar gona, jini na bin sawunsa. Kututturen kara ne ya huda masa tafin ƙafa, shi kuwa tafiyarsa kawai yake yi yana jan carbi. Na gani, na wuce. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Raunin ya ƙi warkewa, babban ɗansa ya kai shi asibiti a Kano. Ɗan ne ya dawo yana ba da labari: ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har ya cinye jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa. Likita ya soka masa tsinke a yatsu, bai ji ba. An yanke masa yatsu biyu.

Sati uku ina kewaye ƙofarsa. Sai na ga tunda a bainar jama'a na ci mutuncinsa, a can ya kamata in gyara. Ranar da ya fara fitowa masallaci da sanda, bayan la'asar, na ɗauko silifas ɗin da nake ajiye da shi a rumbu, na durƙusa gabansa.

"To, yau me aka sace?" ya ce, bai kalle ni ba.

"Ba komai, Baffa. Jama'a ku shaida, ƙarya na yi masa. Ka faɗi ciwonka na yi dariya, na ga jininka na wuce. Don Allah ka yafe mini."