Babban yatsan Harisu

Harisu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun yana ƙarami ba ya jin magana. Shekara ashirin yana kayar da shanu a kasuwar dabbobi ta Dakoro. In sa ya ƙi shiga mota, ko za a yi masa lamba, shi ake kira. Ya jefa igiya, ya danne ta da babban yatsan dama, ya fizga, sai ka ji ƙasa ta amsa. Da yatsan nan yake ciyar da mutum tara.

Ran da abin ya faru, wani jan bijimi daga Ajekoriya ya tsinke igiya, ya soki Attaher abokin aikinsa a cinya, ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya bi shi yana tattakewa. Jini har kan rigunan dillalai. Mahaukacin ƙanen nawa bai nemi sanda ba. Dunƙule hannu ya yi ya nausa wa bijimin a goshi, tsakanin ƙaho da ƙaho. Bijimin ya juyo kansa, mutane suka samu suka janye Attaher.

Da la'asar ya shigo gidana, gindin yatsan ya kumbura kamar ƙwan zabuwa.

"Yaya, targaɗe ne. Taka mini."

A unguwarmu uwar tagwaye ce ke taka targaɗe, ni kuwa sau biyu na haifi tagwaye, ina ji da kaina. Na sa ya shimfiɗa hannun a kan turmi da aka kifa, na shafa man shanu, na ɗora diddige na murza da dukan nauyina. Na ji wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin ƙafata. Harisu ya ciji hularsa har ta yage, fitsari ya zubo masa. Na ce masa ƙashi ne ya koma wurinsa, ya daina rakin banza. Kwana uku ina taka shi, safe da yamma.

Da hannun ya yi baƙi, matarsa Nuriyya ta yi mana tsaye, muka tafi Maraɗi. Dokotoro ya latsa gindin yatsan, ya ce a ɗauki hoton ƙashi. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna mana. Karaya ce, a daidai inda yatsan ya haɗu da wuyan hannu. Ya ce naushi yakan fasa wurin gida biyu, a ja a daidaita, a sa ƙarfe siriri, a ɗaure wata ɗaya da rabi, mutum ya koma aikinsa. Wannan kuwa ya dagargaje gida biyar.

"Wa ya murƙushe maka shi bayan karayar?"

Harisu ko kallona bai yi ba.

"Bijimin ne ya taka ni," in ji shi.

An yi aikin, an sa ƙarafa, amma gaɓar ta daskare. Yatsan yana nan a miƙe, ba ya lanƙwasawa, ko cokali ba ya riƙewa da kyau. Yanzu a bakin kasuwa yake zama yana tsaron baburan mutane. Har yau bai ce mini komai ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekaran jiya ya zo da akuyarsa za ta kwana a gidana. Ya daɗe a durƙushe gaban turke yana fama da igiya, tana zame masa. Can ya miƙo mini ita da hannun hagu.

"Yaya, ɗaure mini."