Sunan da Inna Asabe ta ƙi faɗa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Ɗanlami, kuma har yau in na bi ta gaban tsohon laburaren unguwarsu a Manchester sai na kawar da kai. Ginin yana nan, amma a rufe yake.

A laburaren nan ya tare bayan kansil, ƙaramar hukumar da yake wa aiki, ta rage ma'aikata, shi ma aka sallame shi. Sunan kakanmu ya je nema, mutumin da ya taso daga ƙasar Kano da fataucin goro ya zauna a zangon Kumasi. Mu dai Mai Goro muka ji ana ce masa. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, mahaifiyarmu kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan surukinta ba.

Yaya bai sami Mai Goro a takardun Turawa ba. Abin da ya samu shi ne gwamnonin Ingila na farko da suka zauna a ganuwoyin bakin tekun Ghana. Sai ya bi su, tun da su ne a rubuce. Ya san wanda zazzaɓi ya kashe, ya san matar wane, ya bi jikokin wani har wani ƙauye kusa da Birmingham. Nakan tsokane shi in ce ya zama marokin Turawa, ga kirari ba tukuici. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Mutum ɗaya ta rage da ta san sunan: Inna Asabe, matar wan mahaifinmu, wadda ke gidan kula da tsofaffi a Birmingham. Muka shiga mota muka je. Yaya ya durƙusa gabanta.

"Inna, don Allah sunan kawai. Just once, ba wanda zai ji."

Ta ja gyale ta rufe baki. "Kai Ɗanlami, ba ka da ta-ido? Surukina fa! A care home ɗin nan zan zubar da mutuncina?"

Ya miƙa mata biro. Inna ba ta iya rubutu ba, mu duka mun san haka. Na ce to ta raɗa mini, ni mace ce. Ta ce mu bari sai wani zuwan. Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba. Da kunyar nan aka raine ta, ita ce kuma kaɗai abin da ta zo da shi ƙasar nan da ba a karɓe mata ba.

Kafin wani zuwan, ciwon zuciya ya ɗauke Yaya.

Yanzu yara suna tofa yawu a kwalba su aika, a gaya musu daga ina jininsu ya fito. Da yana raye na san zai gwada, kuma na san zai ce kwalba ba ta san sunan kowa ba. Abin da ya bari shi ne kwalaye cike da asalin mutanen da ba su san da mu ba, da kuma tambayarsa, wadda ta dawo kaina.

Bara na koma wurin Inna. Mantuwa ta cinye ta, ba ta gane ni ba, ba ta ma tuna sunan 'yarta ba. Na matsa kusa na ce, "Inna, yaya sunan Mai Goro?" Ta dube ni, idonta ya yi haske, na ga sarai ta tuna. Sai ta lalubo gyalenta ta rufe baki.