Bamanga da Furosesa Mai Haƙora

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Gombe ya sayi sa, ya fito ba tare da an yi masa sakiyar da ba ruwa ba, to da wuya in ba Bamanga ne ya riƙe masa igiya ba. Dogo ne siriri, mai malafa da sanda, maganarsa ƙasa-ƙasa kamar wanda ake bi bashin murya. A ruga aka haife shi can wajen Dukku, ya yi kiwo har gemu ya tsiro masa, sannan wata shekara ciwon huhu ya shiga garken mahaifinsa ya yi ɓarna. Sai ya shigo gari ya kama dillanci, ya auri Mairamu, ya gina gida a Gabukka tun ana noman dawa a bayan katangarsa.

A sana'arsa ba shi da wasa. Kafin ya ce uffan a kan saniya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya daki gindinta da tafi ya ji nauyin nama. Wadda yake so ita yake kushewa, kuma ko za a yanka shi ba ya sayen dabba biyu a hannun mutum ɗaya, wai kada a gane yana da buƙata. Da wannan hali ya ciyar da gida, ya kai yara makaranta, ba wanda ya taɓa jin ya roƙi kowa.

Abu ɗaya ne gari bai iya kankare masa ba, kunyar ɗan fari. Mu'azzam ya haura shekara ashirin a duniya, amma bakin ubansa bai taɓa furta sunansa ba. In ya zama dole sai ya ce "wancan," ko "mutumin Adda." Ranar da aka kai yaron firamare hedimasta ya tambayi suna, Bamanga ya fita bakin titi ya kira wani maƙwabcinsa da ke wucewa ya zo ya faɗa. Mairamu ma haka take, don haka yayar Bamanga, Adda Asta, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita ta raini yaron, ita ce kuma bakin kowa a kansa. Allah ya ba ta bakin kuwa, bai rage mata komai ba.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Shingen sojoji ko'ina, mai babur ya sauka ya tura, a masallaci a laluba aljihunka kafin ka shiga. Duk inda jama'a ke taruwa ya zama abin tsoro, musamman tasha. Shi kuwa Mu'azzam ya gama sakandare yana jiran jami'a, ba aikin fari ba na baƙi, sai ya samu wani gidan gem a maƙale a jikin katangar tasha. Da ya karya kumallo can yake nufa, ya wuni yana buga ƙwallo a kwamfuta. Bamanga yana tsoro, tsoro na gaske. Duk ƙarar da ya ji daga cikin gari sai ya kasa ko da taya saniya.

Wata safiya ya samu yayarsa tana tankaɗe a tsakar gida.

"Adda, wai mutumin naki ba shi da gida ne?"

"Yana da gida, yana da uba ma. Na yi magana har bakina ya yi tsami, sai ya ce mini to, ya sa takalmi. Kai ka gaya masa."

"Ni?"

"A'a, bari in je kasuwa in saya masa wani uban."

Bamanga ya juya ya fice yana tunani. Ya tsaya gaban ɗansa na fari ya ce ina tsoron kada in rasa ka? Ai gara a ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwar kara. Amma dillali ba ya rasa dabara. In maraƙi ya cika bin gonar mutane, ba duka ake yi ba, harawa ake kawo masa turke. Ya yanke shawara zai kawo abin nan gida, ya sayar da wani ɗan bijimi da yake kiwatawa, bai gaya wa kowa dalili ba.

A Pantami akwai wani Batangale mai gyaran kwamfuta, Elias, wanda Bamanga ya taɓa zaɓar wa san biki. Wurinsa ya nufa. Elias ya ba shi kujera, ya ji abin da ke tafe da shi, ya ce sabuwa dai ta fi ƙarfin ɗan bijimi, amma in aka tsinto kayan hannu ɗaya bayan ɗaya aka haɗa, za a samu wadda za ta yi.

"Kamar haɗa garke ke nan," in ji Bamanga, ransa ya yi fari.

"Kusan haka, Baba. Wane gem zai riƙa bugawa?"

"Wa?"

"Mai kwamfutar."

"Wani mutum ne ya aiko ni."

"Ba Mu'azzam ɗinka ba? Ai kullum ina ganinsa wajen tasha."

Bamanga ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce fankar shagon nan tana da iska, a ina aka saye ta. Elias ya gane ya taka inda ba a takawa. Ya baje kaya a kan tebur yana bayani. Wannan faffaɗan farantin shi ne bod, a jikinsa kowa ke zama. Wannan 'yar ƙaramar ita ce furosesa, ita ke tunani. Wannan kuma katin hoto, shi ke sa 'yan ƙwallo gudu, a kansa ya kamata a kashe mafi yawan kuɗin. Ya ce in dai ƙwallo ce da tseren mota, waɗannan da ya ware sun isa, kuma jinsinsu ɗaya.

Bamanga ya ɗauki bod ya auna a tafin hannu, ya kushe shi son ransa, alamar ya yi masa ke nan. Sannan ya ɗauki furosesa ya juya cikinta, kamar yadda yake buɗe bakin saniya. Ya ga wurin sumul, ba ko tsinke ɗaya. Ya ajiye ta a hankali, ya dubi Elias da idon tausayi.

"Yaro, wannan tsohuwa ce. Haƙoranta sun zube."

"Baba, haka ake ƙera irinta. Haƙoran suna jikin bod."

"Duk mai tsohuwar saniya yana da abin faɗa."

Elias ya yi rantsuwa, ya kawo kwalinta, ya nuna hoto. Ina! Bamanga ya biya kuɗin bod kaɗai ya naɗe shi a cikin rawani, domin ko ba zancen haƙora, ai ba zai sayi abu biyu a hannun mutum ɗaya ba.

Sauran kayan ya bi su shago-shago. Akwatin da za a zuba su a ciki ya samo a wurin masu gwanjon kayan ofis, wani jibgegen ƙarfe da sai da mutum biyu suka ɗora shi a Keke Napep. Ya dake shi da tafi, ya ji ya amsa, ya ce wannan yana da ƙashi. Katin hoto ya zaɓi wanda ya fi kowanne nauyi, mai fanka biyu, bai tambayi shekarunsa ba tunda ba shi da bakin dubawa. Furosesa kuwa sai a layin masu kayan hannu da ke bayan tasha ya same ta. Da ya juya cikinta ya ga haƙora reras, ɗaruruwa, ba giɓi ko ɗaya, sai da ya danne murmushi. Ya ce wa mai shagon ramammiya ce, ba za ta kai damina ba, sannan ya saya.

A turakarsa ya rufe ƙofa ya gwada zaunar da ita a gurbin da Elias ya nuna masa. Ta ƙi. Ya juya ta gabas, ya juya ta yamma, ta ƙi. Ya kira Elias a waya.

"Baba, kada ka danna! Wannan ta wani kamfani ce daban, bod ɗin na wani. Har abada ba za su zauna tare ba."

Bamanga ya kashe waya yana girgiza kai. Yaran zamani ba su san haƙuri ba. Shi da ya sha kawo bokolo cikin fararen shanu? Kwanakin farko a yi ta karo, a yi ta huci, daga baya ka same su baki ɗaya a kwami. Ya haɗa bod da furosesa a kwali guda, ya tura ƙarƙashin gado don su saba. Kullum bayan sallar asuba sai ya jawo ya gwada, ya mayar. Shi kuwa Mu'azzam yana nan yana sintirin tasha, uban yana ramewa a tsaye.

Adda Asta ce ta kama shi wata safiya a durƙushe gaban kwali. Dole ya yi mata bayani. Ta riƙe haɓa ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"To, sun saba?"

"Da saura."

"Ka zuba musu dusa da kanwa mana, ko yunwa ce."

Ba ta jira amsa ba ta sungumi kwalin, ta sa aka jawo akwatin ƙarfen da katin hoton, ta dire su a ɗakin Mu'azzam, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da turakar uban. Ta ce, "Ga shi, in ji wani mutum." Mu'azzam ya buɗe, ya ɗaga kati, ya ɗaga furosesa, ya dubi bod, dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki. Can kuma sai dariyar ta tsaya, domin ya tuna turken ɗan bijimin nan ya kwana biyu babu komai a kai. Ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda za ta tsallake bango.

"Adda, ki ce wa mutumin an gode. Komai zai yi, furosesar ce kawai sai an canza."

Daga bayan bango aka ce, "Adda, gaya masa haƙoranta cikakku ne."

"Adda, ki ce masa ba a nan take ba."

"Kai, ku rufa mini asiri," in ji Adda. "Ni ba wayar salula ba ce."

Washegari Adda ta tafi barkar haihuwa Arawa tun da sassafe. Bamanga yana zaune a zaure sai ga Mu'azzam ya fito da furosesa a naɗe cikin takarda, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce wa ƙofa zai je bayan tasha ya canzo. Nan Bamanga ya ga abin da ya yi. Duk wannan wahala don ya raba yaro da tasha, ga shi yau da hannunsa ya aike shi can. Ya so ya ce bari ni in je, amma ba Adda da za a ba saƙo. Yana ji yana gani yaron ya fice.

Zama ya gagare shi. Ya tari Keke Napep ya bi baya, ya sauka nesa kaɗan, ya raɓe a rumfar wani mai lemo inda yake hango bakin layin. Ga wasu abokan sana'arsa a gefe suna jiran motar Kumo, suka gaisa, ya ce musu iska yake sha.

Sai aka ji wata ƙara, dam, har ƙasa ta amsa. Tasha ta hautsine. Masu talla suka watsar da faranti, mata suna salati, kowa ya yi ta kansa. Mutum ɗaya ne ya nufi inda ake gudowa. Malafa ta faɗi, takalmi ɗaya ya fita, sanda ma bai san inda ya yar da ita ba. Wannan murya da ba ta taɓa tsallake kan saniya ba, ranar sai da ta cika layin.

"Mu'azzam! Mu'azzam! Ina ɗana? Jama'a, wa ya ga Mu'azzam?"

"Na'am, Baba. Ga ni."

Ya juya. Yaron yana tsaye a bayansa, lafiya lau, da ƙunshin takarda a hannu. Bamanga ya damƙi kafaɗarsa da hannu biyu, ya kasa sakewa. A daidai nan wani ɗan kamasho ya hau kan mota yana ihu a kwantar da hankali, tayar tirela ce ta fashe. Jama'a suka fara dawowa ana dariyar jin kunya, ana tsintar takalma. Abokan sana'ar Bamanga kuwa sun yi cirko-cirko, baki buɗe, domin sun ji abin da tun zuwansa gari ba su taɓa ji ba. Ya saki kafaɗar, ya dubi sama, ya tambayi wani mutum da bai sani ba ko ya ga malafarsa.

Keke ɗaya suka shiga zuwa gida, kowa yana kallon nasa gefen titin. Sai da suka wuce shingen sojoji Bamanga ya yi magana, yana fuskantar ƙeyar direba.

"An samu?"

"An samu."

"Marar haƙoran?"

"Ita."

"An cuce mu," in ji Bamanga.

Elias ya zo ya taya haɗawa, kwamfuta ta tashi da gurnani kamar injin markaɗe. Sai dai katin nan mai nauyi ashe ya tsufa tukuf. 'Yan ƙwallo suna tafiya kamar shanu a cikin taɓo, a buga ƙwallo yanzu sai an sha ruwa ta isa raga, ga wutar lantarki da ke zuwa in ta ga dama. Duk da haka Mu'azzam bai sake taka gidan gem ba, har takardar jami'a ta fito. In akwai wuta ya buga, in babu ya zauna ya goge ƙura. Bamanga ya koma "wancan" da "mutumin Adda" kamar ba a yi komai ba, ya ci gaba da kushe shanun mutane a kara, har ƙiba ya ɗan yi.

Abin ya dami Adda, don ita ba ta iya barin magana a ciki. Wata rana ta leƙa ɗakin ta tarar da shi yana jiran ɗan wasansa ya gama juyawa.

"Wai ni kam, wannan ta fi ta tasha ne?"

"Ko ƙafarta ba ta kama ba, Adda."

"To me ya zaunar da kai? Ni na yi ta fama da kai ka mai da ni rediyo."

Mu'azzam bai ɗago ba. Ya ce, "Adda, ba ki ji yadda ya kira ni ba."