Wanda Ya Riƙe Mana Eriya

Yayana mai fenti ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana hawa tsani da bokiti a hannu, da wuya ka ratsa layi uku a unguwarmu ba ka wuce bangon da ya shafa ba. Mutane Dogo suke ce masa, ni kuwa Yaya, tun ina ƙarama har yau da furfura ta cika mana kai. Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, Yaya ya dawo ɗakin da ke bayan gidana da zama, don shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa biyu kuma suna nesa, sai dai waya. Kayansa duka a amalanke ɗaya aka kawo: katifa, akwati, tsani, da gwangwanayen da yake jiƙa buroshi a ciki.

Ba mai magana ba ne. Kafin kowace alwala sai ya zauna ya kankare fentin da ya maƙale masa a farce da 'yar wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, don kada ruwa ya tsallake wani wuri. In ya shigo ɗakinka, bango yake fara gaisarwa da ido kafin ya juyo kanka.

Muna yara Babanmu ya sayo talabijin, baƙi da fari, mai ƙafa huɗu da ƙofar katako da ake ja a rufe shi. Gidanmu a kwari yake, bayan wani dogon sito, hoto ba ya iso mana da daɗi. Baba ya ɗora eriya a kan bututun ƙarfe, ya jingina da bangon bayan falo. Ya ɗaure da waya, ya buga ƙusa, har mai walda ya kira, duk a banza. Hoton sai ya yi ta yayyafi, mutanen ciki su koma inuwa. Rannan Yaya ya dafa bututun zai juya shi, sai ga fuskar mai karanta labarai tangaran. Ya ɗage hannu, ta ɓace. Ya mayar, ta dawo.

Baba ya leƙo ta taga ya ce, "To, ka samu aiki."

Shekararsa goma sha biyu a lokacin, ni bakwai.

Kowace Laraba bayan la'asar ana nuna wani wasa na direban bas da iyalinsa. Rabin layinmu a falonmu suke kallo, manya a kujera, mu a ƙasa, takalma jibge a ƙofa. Inna ke zama a gindin taga, ita ce baki tsakanin ɗaki da waje.

"Hagu kaɗan. Ka wuce! Koma. Ya yi, ya yi, kada ka ƙara motsi!"

"Inna, tururuwa na cizona."

"Bar ta ta ci, ai ba ta cinye ka."

Sau ɗaya Autanmu ya ce shi zai riƙe. Hoton ya yi ta rawa har Baba ya tashi tsaye, aka koro shi ciki, aka mayar da Yaya. Daga ranar ban tuna wani ya sake cewa a karɓe shi ba. Ni ma ban ce ba. Shekara uku ana wasan, shekara uku yana tsaye a bayan bango, murya kawai ke fita masa ta taga. Ya san dariyar matar direban, ya san tarin maƙwabcinsu, yana rera kiɗan farko daidai ba kuskure.

In an tashi, yana wanke tsatsar hannunsa a famfo, ni nake ba shi labarin abin da ido ya gani. To yarinya 'yar shekara bakwai, me za ta gani? Ɗankunnen matar, labulen ɗakinsu, wata kyanwa da ta ratsa.

"Direban fa, yaya yake?"

"Mutum ne dai. Yana da hula."

Ya yarfe hannu ya ce to.

Aka gama wasan, aka rushe siton, aka sayo talabijin mai kala da ba ya bukatar hannun kowa. Yaya ya tafi koyon sana'a, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar. Amma zama gaban talabijin bai taɓa kama shi ba. In an kunna, a bakin ƙofa yake tsayawa, kafaɗa jingine, fuska tana kallon tsakar gida, kunne a ciki.

Bara ya fara barin layi a bango. Ya gama ɗaki tsaf a ganinsa, mai gida ya kira shi ya nuna masa wani siririn wuri daga sama har ƙasa da buroshi bai taɓa ba. Ya sake faruwa a wani gidan. Na raka shi asibiti. Likita ya haska, ya auna, ya ce jijiyar idon ce, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana tsukewa, magani zai rage masa gudu ne kawai. Ya ce wata huɗu ko biyar, Allah ne masani. Yaya ya ce alhamdulillahi, ya tambayi sau nawa ake ɗiga maganin. Da muka dawo ya ɗauki tsaninsa ya kai wa wani abokin sana'arsa. Bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na ɗora girki.

Na tambaye shi yadda yake gani. Ya ce, "Kamar ta ramin makulli nake leƙen ki."

Wata rana da yamma 'yata tana kallo a falo, ina ninke wanki, shi yana bakin ƙofa kamar kullum. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Kin san ban taɓa ganin fuskar direban nan ba?"

"Wane direba?"

"Na Laraba."

Ya wuce ɗakinsa. Na ƙarasa ninke zanen da ke hannuna. A sallar magariba ranar na rasa ko raka'a biyu na yi ko uku.

'Yata ta bincika a waya, ba ta samu ba. Na sa hijabi na tafi gidan talabijin ɗin, na zauna a benci har azahar, wata mata ta fito ta ce kaset ɗin wancan zamani an ɗauki wasu abubuwa a kansu tun tuni. Ina cikin motar dawowa na tuna da malamin asibitin da ke ƙarshen layinmu na da. Shi ya fara sayen bidiyo a unguwar, kuma komai ɗauka yake, har labarai. Ya rasu, amma 'yarsa ƙawata ce tun ta yarinta, tana nan a gidan.

Tana ganina ta tafa hannu. "Uwar shiru! Yau kuma wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta tashi ta ce in riƙe mata fitila. A ƙarƙashin matakala muka jawo kwali biyu, gizo-gizo ya ɗinke bakinsu. Rubutun mahaifinta yana nan a gefen kowane kaset, ƙanana, a tsaye. A kwali na biyu na ga wanda aka rubuta: Laraba, na ƙarshe. Ta 'yar tagar kaset ɗin ana hango fumfuna fari fat ya lulluɓe zaren.

Akwai wani tsoho mai gyara a bakin kasuwa, shagonsa cike da matattun rediyo har rufi. Ya juya kaset ɗin a hannu, ya sunsuna, ya kwance ƙusoshinsa biyar ya jera su a murfin kwalba. Ya ratayo zaren a kan fensir, ya jiƙa auduga da sipirit, yana murɗa faifan da ɗan yatsa, zaren yana wucewa ta cikin audugar a hankali.

"Kwana goma, Hajiya."

"Malam, idon ba zai jira ba."

"In na yi sauri ya tsinke. In ya tsinke, ko ido goma gare shi ba abin da zai gani."

Ban gaya wa Yaya ba, don kada abin ya ƙi. Kowace safiya sai in ajiye masa kofin shayi a wani wuri dabam a kan tebur, in tsaya ina kallon yadda hannunsa zai same shi. Ranar farko kai tsaye ya ɗauka. A rana ta shida sai da ya juya kai sau biyu. A ta tara ya shafo teburin da tafin hannu har ya taɓa zafin kofin. Ya ce, "Ke dai ba kya ajiye abu wuri ɗaya." Na ce haka ne.

Da safe idon ya fi buɗewa, don haka da hantsi muka je, ni da shi da ƙawata. Na ce masa rediyona za mu karɓo. Mai gyara ya riga ya share wuri, ya ajiye kujera dab da gilashin wani tsohon talabijin. Ya zaunar da Yaya, ya tura kaset.

Kiɗan farko ya tashi. Yatsun Yaya suka damƙe hannun kujerar. Sai muryar matar direban, tana faɗan an bar mata ƙofa a buɗe, ras kamar jiya. Gilashin kuwa yayyafi ne zalla, fari da baƙi suna ta zuba, wasu inuwoyi suna kai da komo a bayansa.

Ya matso. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman inda ɗan ramin idonsa zai kama wani abu. Ya daɗe a haka.

"Idona ne?"

Ƙawata ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ɗaga murya. "Kai, Dogo, ga shi nan tangaran, ga direban ya shigo, ga..."

Na ce, "Kaset ɗin ne, Yaya. Mu ma yayyafi muke gani."

Ta harare ni. Mai gyara ya sosa ƙeya ya ce, "Ba daga zaren ba ne, na goge shi tas. Haka aka ɗauke shi. Eriyar gidan ce ba ta kama ba ranar."

Ƙawata ta ce, "Ai tamu Babanmu da siminti ya dasa ta. Ya hana kowa taɓawa, wai kada a lalata masa."

Yaya ya jinjina kai. "An yi iska ranar. Da hannu biyu na riƙe, da gwiwa." Ya ɗan juyo wajena. "Ku kun gani?"

"Mun gani sarai. Daga farko har ƙarshe."

"To."

Muka ci gaba da sauraro, mu huɗu, a cikin warin sipirit da ƙura. Yana motsa leɓe tare da maganganun, wani lokaci ya riga su. Can wajen ƙarshe, inda direban yake sallama da fasinjojinsa, iskar wancan zamani ta ɗan lafa, hoton ya washe na ƙiftawar ido ya koma. Mai gyara ya yi tsalle kamar ba tsoho ba. Ya mayar da kaset ɗin baya, ya wuce wurin. Ya sake mayarwa, ya makara. A karo na huɗu ya danna daidai, hoton ya tsaya yana karkarwa, da wani farin layi a ƙasansa.

Yaya ya tashi daga kujera ya durƙusa, hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya fara daga sama, yana saukar da kai a hankali, layi bayan layi, yadda yake duba bango in ya gama aiki. Hula. Goshi. Ya tsaya.

"Yana da gashin baki."

"Yana da shi."

"Ba ki faɗa min ba."

"Na manta, Yaya."

Ya ƙara dubawa. "Na ɗauka babban mutum ne. Ashe yaro ne. Bai ma kai ƙaramin ɗana ba."

Ƙawata ta fara kuka, tana jan hanci tana zagin simintin Babanta. Ni ban ji komai ba, sai ƙafata da ta yi sanyi don daɗewa a tsaye. Mai gyara ya ce injin ba ya son tsayuwa da yawa, zai iya cin zaren. Yaya ya ce a bar shi kaɗan. Aka bar shi kaɗan. Sannan ya dafa kujera ya miƙe, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ce, "Kashe, Malam. Allah ya saka da alheri."

Sai da muka kusa gida ya tambaya ina rediyon da muka je karɓowa. Na ce babu wani rediyo. Ya ce ya sani.

Bai sake neman a kunna masa kaset ɗin ba. Yana cikin akwatinsa, a ƙarƙashin kayan sawa. Da babban ɗansa ya kira a waya ranar Juma'a, na ji yana ce masa ya ga wani tsohon wasa, ɗan ya ce wanne, ya ce ba za ka sani ba, suka koma maganar magani.

Wata biyu bayan nan, wata Asabar da asuba, ya kira sunana daga ɗakinsa, ba da ƙarfi ba. Na same shi a tsaye a tsakiyar ɗaki, fitila a kunne, darduma a hannu, fuskarsa tana kallon ƙofa. Ya ce, "Zo ki nuna min gabas." Na karɓi dardumar na shimfiɗa, na kama kafaɗunsa na juya shi. Ya tayar da salla, na ja masa ƙofa.