Matar da Ta Fito daga Kantin Burodi

Duk wanda ya san Alvin Torkelson a garinmu na Halvard, da abu biyu ya san shi: gyaran famfo da warin tsohon fim. Na farkon sana'a ce, da ita ya riƙe gidansa. Na biyun kuwa, matarsa Verna ciwo take kiransa, kuma a gaban kowa take faɗa.

Alvin bai san fuskar mahaifiyarsa ba. Signe ta rasu yana ɗan shekara biyu, hoton aurenta ɗaya tilo kuma ambaliya ta tafi da shi. Ubansa Nels, mai haska fim a silimar garin, mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma daga bakinsa. In ɗan ya tambaye shi kamanninta, sai ya ce doguwa ce, ya ci gaba da abin da yake yi. Aikin hannu kaɗai ya koya masa: in fim ya tsinke, yadda ake daidaita bakinsa da almakashi, a kankare da reza, a shafa gam, a haɗa. Nels yana da tasa alamar, 'yar tsaga biyu a gefen kowane haɗi, don ya gane aikinsa ko a ina.

Da ciwon ajali ya kwantar da Nels, roƙo ɗaya ya yi: akwai gwangwanin taba a aljihun kwat ɗinsa, a binne shi da shi. Alvin, a lokacin ya zama magidanci, ya ɗauko gwangwanin ya ji shi shafal, wani abu na motsi a ciki kamar busasshen ganye. Ya ce a ransa, tsoho da tabarsa har kabari. Bai buɗe ba, don a gidansu ba a buɗe abin da ba a ce ka buɗe ba. Da hannunsa ya sa masa shi a aljihun ƙirji.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ana shan kofi a ɗakin taron coci, sai Gwaggo Inga, ƙanwar Nels, ta saki zancen kamar ba komai ba. Wai a shekarar da ta gabaci rasuwar Signe, wani mai kyamara ya zo Halvard, irin masu yawon nan gari-gari suna ɗaukar mutane a titi, bayan mako guda a haska a silima kowa ya biya ya je ya ga kansa. Ta tuna jerin tsaf: 'yan makaranta, 'yan kwana-kwana, wanzami a ƙofar shagonsa, sai Signe ta fito daga kantin burodi, riƙe da Alvin a kafaɗa, tana dariya. Ta ce silimar gaba ɗaya ta ɗauki fito, Nels kuwa yana can sama bayan majigi, kunnuwansa sun yi jawur.

Alvin ya ajiye kofin, ya ce, "Gwaggo, kina nufin akwai fim ɗin da mamata take ciki tana motsi, shi ne ba wanda ya taɓa gaya min?"

Ta ce, "To ai ba ka tambaya ba, ɗana."

Haka mutanenmu suke, Allah ya shirye mu.

Daga ranar Alvin bai ƙara zama ba. Silimar, inda aka bar fim ɗin, ta daɗe da komawa kantin kayan gini, mai ita ya kwashe komatsansa ya yi yamma, ya mutu a can, ba wanda ya san inda kayan suka ƙare. Duk Asabar sai Alvin ya hau akori-kurarsa ya bi gwanjon gonaki, daga Dakota har Montana. Ya shiga rumbuna, ya hau silin coci-coci, ya rarrafa ƙarƙashin dandamalin tsofaffin silimu. Tsohon fim abu ne mai mugun hali: wuta kaɗan yake jira ya kama, in kuma an bar shi da zafi sai ya yi danƙo, ya yi wari, ƙarshe ya koma gari kamar ƙasa. Sau tari yakan buɗe gwangwanin fim ya tarar da garin nan, ya tsaya yana kallonsa, yana tunanin ko mamarsa ce ya makara da shekara biyu.

Abin da ya samu da rai kuma ba ya iya barinsa. Bikin wasu mutanen da bai sani ba, wasan dawaki, rabin fim ɗin barkwanci mara farko mara ƙarshe, duk ya kwaso. Ya cika firjin ajiyar nama da su don kada zafi ya lalata su, naman barewar Verna ya koma firjin maƙwabta. Ta ce masa ta auri mai gyaran famfo ta wayi gari da mai gadin gawawwaki. Amma ita ce dai take naɗa masa burodi da nama duk Asabar, ita ce kuma take rubuta wa jaridun ƙauyuka cigiyar zuriyar mutanen da ke cikin finafinan. Mutane kan yi tafiyar yini guda su zo su ga kakanninsu a jikin bangon garejinsa, su yi kuka, su tafi. Alvin yana tsaye bayan majigi yana taya su murna, amma kishi na cin sa, ya kuma san kishin ne.

Sai da gashinsa ya yi fari tas sannan wayar ta zo. Dewey Rask ne, abokin hamayyarsa a gwanjo, wanda suka shafe shekaru suna ƙwace wa juna kaya.

"Kai tsohon ɓarawo," in ji Dewey, "ina da wani gwangwani daga akurkin kaji, an rubuta Halvard a jikinsa. Zo ka ɗauka kafin hankalina ya dawo in sa masa kuɗi."

Da ya ɗauko shi, ya tarar fim ɗin ya bushe, ba zai jure majigi ba. Alvin ya ɗora shi a kan teburin gareji da hantsi, fitila a ƙasa, gilashin ƙara girma a hannu, yana warwarewa a hankali, hoto bayan hoto. Verna na tsaye a bayansa. Ga 'yan makaranta. Ga 'yan kwana-kwana sun ƙame. Ga wanzami da almakashinsa, kamar yadda Gwaggo Inga ta faɗa, Allah ya ji ƙanta. Ga kantin burodi, ƙofar ta fara buɗewa. Alvin ya ƙara ja.

Sai ga motar mai kai wasiƙu.

Ya koma baya, ya sake zuwa gaba. Ƙofa, sai mota. Tsakaninsu haɗi ne, mai tsabta, ba ko ɗigon gam a waje. Ya shafa gefen da ɗan yatsa, ya ji 'yar tsaga biyu.

Masu haska fim na da wata ɗabi'a a wancan zamanin: in kyakkyawar fuska ta burge su, sai su yanke hoto biyu ko uku su sa a aljihu, ba mai lura. Nels bai tsaya a biyu ko uku ba. Bayan an binne matarsa, ya hau sama ya yanke ta gaba ɗaya, daga fitowarta har wucewarta.

Alvin ya ajiye gilashin. Sannan ya gaya wa Verna zancen gwangwanin taba, yadda ya ji shi shafal, da yadda ya gyara masa zama a aljihun ƙirjin tsohon. Verna ta buɗe baki za ta zagi mamaci, ta fasa. Ta dai tambaya a hankali ko ana iya neman izinin tonowa. Ya girgiza kai. Ya fi kowa sanin abin da fim ke zama bayan shekara ashirin a ƙasa.

"Na riƙe ta a tafin hannuna," ya ce. "Na ji motsinta."

Ya yi fushi da ubansa, fushi na gaske, har ya kasa cin abincin rana. Da la'asar fushin ya sauka ya bar tausayi, don ya tuna mutumin da ke zama shi kaɗai a bakin taga, yana ɗaga wani ɗan abu yana kallo a hasken rana, da ya ji tafiyar ɗansa sai ya mayar aljihu.

Ya koma gareji ya kunna fitilar, ya tsaya a hoto na ƙarshe kafin haɗin. Almakashin Nels ya bar wannan, don ba fuska a ciki. Ƙofar ta buɗe kaɗan, daga cikin duhun kantin hannu ya fito ya dafa ta. Dogayen yatsu, ƙaramin yatsan a ɗan karkace. Alvin ya dubi nasa ƙaramin yatsan da ke riƙe da gilashin, shi ma a ɗan karkace.

"Verna," ya kira ta, "sa tabarau ki zo ki ga hannun mamata."