Hannun Baba a Bakin Rumbun Tsimi

Har yau in na ji wani yana cewa Nasara ba su taɓa sarautunmu ba, wai sun bar kowane gari a hannun masu shi, sai raina ya ɓaci. Ni ɗan mai gari ne, a wani ƙauye tsakanin Dungas da Guci, kuma da idona na ga irin barin da aka yi wa mahaifina. An bar masa rawani, an bar masa buzun da yake zama a kai a ƙofar gida, an bar masa rabon faɗa a bakin rijiya. Duk abin da ya wuce wannan sai an tambayo bariki.

Bayan wata yunwa da aka yi ina ƙarami, Nasara suka ce wai ba mu iya tanadi ba. Mu da kakanninmu suke cin hatsin bara waccan suna ajiye na bana. Sai suka kawo abin da aka sa wa suna rumbun tsimi. In an yi girbi, kowane gida ya kai dammunan hatsi a zuba a rumbun gari, a rufe, sai lokacin shuka ko lokacin yunwa a buɗe a raba. A baki abin ba shi da laifi. Rumbunanmu na gado na zana ne da kara, suka ce a'a, na ƙasa za a gina, mai 'yar ƙofa a gefe, yadda za a iya yaɓe ta da laka. Mu muka kwaɓa ƙasar, mu muka gina, hatsinmu ne a ciki.

Ranar rufewa ta farko kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya zo da kansa, da mai fassara da gardi, wato 'yan sandan bariki masu jar hula. Aka yaɓe ƙofar. Kumandan ya goya hannayensa a baya, ya yi magana, mai fassara ya juya mana:

"Ya ce Faransa ba ta sa hannu a abincinku. Rumbunku ne, shugabanku ne zai rufe shi."

Baba ya naɗe hannun riga, ya danna tafin hannunsa na dama a ɗanyar lakar. Ba mai ɓatan wannan hannu a garinmu, don ƙaramin yatsansa a karkace yake tun da igiyar bijimi ta fizge shi yana saurayi. Shaidar ta fito sarai har da karkatar. Na tuna ya ja baya yana kallonta, kuma ba zan ɓoye ba, ya ji daɗi. Mu ma mun ji. Ba wanda ya tuna ya tambayi wa zai buɗe. Sai da za su tafi wani gardi ya faɗa, yana ɗaura sirdi, kamar abin ba komai ba: buɗewa sai da izinin kumandan, ta hannun sarkin ƙasarmu.

Shekarar da nake son ba da labarinta, ban daɗe da aure ba, Baba ya yanka mini gonata ta kaina. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke hatsi yana fidda kai. Amma gardi da suka zo karɓar na rumbun tsimi ba ruwansu da wannan, abin da aka saba bayarwa a shekarar albarka shi suka nema. Inda dami bai cika ba suka shiga ɗakuna. A gidanmu har damin iri suka sauke daga rataye, zangarniyoyin da Baba ya bi gona ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Da Inna ta yi magana, gardin ya ce mata, "Yo tsohuwa, ai ajiya za a yi muku. Hannun mijinki ne a kai."

Kafin bazara ta ƙare an cinye komai. An ci dusa, an ci tafasa, wanda ya ɓoye ɗan iri a tulu ya fito da shi don kukan yara. Duk irin shukar garin yana wuri ɗaya, bayan tafin hannun Baba.

Sai ruwa ya sauka, wata la'asar, ruwan shuka na gaske. In ka tona ƙasa har gwiwar hannu danshi ne. Amma ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, in ba ka shuka a kan wannan danshin ba sai ka jira wani ruwan, shi kuwa Allah kaɗai ya san ranar zuwansa. Tun kafin rana ta faɗi maza suka taru a ƙofar gidanmu, kowa da sunguminsa a kafaɗa. Gaisuwa kawai suke yi suna kallon wajen rumbu.

Da asuba Baba ya ba ni goɗiyarsa, ya ce in je wurin sarki. Na same shi a zaure, dogarai kewaye da shi, rawani har yana rufe ido. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya sauka, Baba yana neman izini a buɗe rumbu a ba mutane iri."

Ya nuna mini bayan masallaci da sandarsa. "Ɗana, ka ga wancan rumbun? Hannuna ne a bakinsa. Ni ma jira nake. Wuce bariki, ka ce ni na aiko ka."

A lokacin haushinsa na ji. Yanzu da na tsufa tausayinsa nake ji, amma kaɗan.

Na kama hanyar Magarya, inda barikin yake. A bariki na tarar da mai fassara a inuwar biro, wato ofishin kumandan, yana cin goro. Ya ce kumandan ya tafi turne, wato rangadi, can arewa, duba rijiyoyi. Na ce to wa ya bari a madadinsa? Ya ce akwai wani Nasara ƙarami a ciki, amma shi ba ya taɓa maganar rumbu. Na ce yaushe kumandan zai dawo? Ya ɗaga kafaɗa. Wani gardi da ke zaune a gefe ya yi dariya, ya ce, "Kai kuwa samari, ai rumbunku ne. Me ya kawo ka nan?"

Ban san yadda aka yi ban mare shi ba. Da na mare shi da ban rubuta wannan ba.

A hanyar dawowa sai in sauka daga goɗiya in cusa hannu a yashi. Duk saukar da na yi, danshin ya ƙara nisa. Na iso gida, na faɗa wa Baba komai a gaban mutane, har maganar gardin ban rage ba. Sai ya tashi, ya gyara rawaninsa, ya nufi rumbu, gari duka na biye da shi.

Da ya isa ya ɗora tafin hannunsa a cikin shaidar, ta zauna daidai, karkataccen yatsan ya shiga gurbinsa. Ya juyo ya ce, "An ce mini hannuna ne. To ga mai hannun ya zo." Ya karɓi sungumi daga wurin wani ya doka.

Bai bari an yi wawa ba. Iri kawai ya fitar, kowane gida gwargwadon gonarsa, ko da yake cikin kowa na kuka. Sauran ya sa aka mayar aka sake yaɓewa. Nan take turame suka fara amsawa ko'ina a garin, mata na sussuka. Washegari kafin rana ta yi zafi muna gona, ni ina gaba ina sara, amaryata na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ban taɓa jin daɗin ciwon baya irin na ranar ba. Allah kuma ya taimake mu, wani ruwan ya biyo, shuka ta fito kore shar.

Kumandan bai zo ba sai da lokacin noman fari ya yi, ciyawa na tsere da hatsi. Aka tara mu a gindin tsamiyar kasuwa. Da ya yi faɗa, da ya zagi Baba, da abin ya fi mini sauƙi. Amma da murmushi ya zo. Aka ajiye masa kujera, ya zauna, mai fassara ya tsaya a gefensa.

"Ya ce ya ji an fasa rumbu ba da izini ba. Ya ce Faransa ba ta cire mai gari, ba ta naɗawa. Wannan al'adarku ce, yana girmama ta. Yau za ku sake zaɓe da kanku, kowane mai gida ya tsaya bayan wanda yake so."

Al'adarmu wai. Mu a wurinmu dattawa ke zama a zaure su daidaita, ba a taɓa jera magidanta a rana kamar awakin sayarwa ba. Amma tunda ya ce al'adarmu ce, ta zama al'adarmu daga ranar.

Aka tsayar da Baba a gefe ɗaya. A ɗaya gefen gardi suka jawo baffana, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da bai taɓa neman komai a duniya ba sai zaman lafiya da tumakinsa. Yana ta cewa, "Ni ban ce ina so ba, wallahi ban ce ba." Ba wanda ya saurare shi.

Gari duka ya tsaya bayan Baba. Layin ya miƙe har ya wuce rumfar mahauta. Bayan Baffa kuwa ba kowa.

Kumandan ya gyaɗa kai kamar abin ya burge shi. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce madalla. Ya ce tunda kun tsaya bayansa, ke nan gari ne duka ya fasa rumbun, ba mutum ɗaya ba. Ya ce akwai aikin hanyar mota da ke neman ƙarfafa. Duk wanda ke cikin wannan layin, gobe zai tafi, sai an gama. Amma ya ce ba ya tilasta kowa. Kuna iya sake shawara."

Ya ciro taba ya kunna. Shi da bai taɓa riƙe hauya ba ya san abin da muka sani: hatsin da bai sami noman fari ba ya mutu, ko da an yi ruwa kullum. In mazan gari suka tafi hanya yanzu, shukar da Baba ya fasa rumbu dominta ciyawa ce za ta cinye ta.

Ba wanda ya motsa. Rana ta take, gumi na bin ƙafafunmu, tsofaffi na dogara sanda. Ni ne a bayan Baba kai tsaye, ina kallon wuyansa. Can sai ya juyo ya dubi layin.

"Jama'a, don hatsi muka fasa rumbun nan ko don rawanina? Ku je."

Wani dattijo ya ce, "Mai gari, ba za mu iya ba."

Baba ya kai hannu kansa. Ya kwance rawanin a nutse, ya naɗe shi, ya miƙa mini. Sa'an nan ya taka, kansa da 'yar hula kawai, ya ratsa filin, ya je ya tsaya a bayan ƙanensa. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi, a ce babban wa ya tsaya a bayan ƙanen da ya goya yana jariri, a gaban gari. Baffa ya rufe fuska da hannun riga. Mutane suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa, ba mai kallon wani. Ni na rage a tsaye da rawani a hannu, ba kowa a gabana, har Baba ya ɗago ido ya dube ni. Na bi su.

Kumandan ya tashi ya kaɗe wandonsa. Mai fassara ya ce, "Ya ce yana taya ku murna. Gari ya zaɓa baki ɗaya, har da tsohon mai gari. Ya ce abin da yake so da ƙasar nan ke nan, mutane suna tafiyar da al'amuransu da kansu."

Wannan maganar ita ce ban yafe ba. Cire Baba da ya yi, mai ƙarfi ne ya yi abin da ya ga dama, an saba. Amma ya sa mu muka yi da ƙafafunmu, sa'an nan ya taya mu murna.

Hatsi ya yi kyau a shekarar, kyan da aka daɗe ba a gani ba. Ranar rufe rumbu aka sake tara mu. Mai fassara ya ce mu duba hikimar Faransa, ba don rumbun tsimi ba da ina za mu sami irin da ya ba mu wannan albarka? Aka ce mu gode, muka gode. Baffa ya naɗe hannun riga ya danna tafinsa a laka, yana kallon ƙasa. Daga nan har Nasara suka tafi, kowace safiya sai ya zo ya durƙusa ya gai da Baba kafin ya je ya zauna a kan buzun, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ta da maganar ba.

Baba ya koma gonarsa, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, abin da har yanzu yake ba ni haushi da shi. Abu guda kawai na lura. A wurinmu in kaka ta wuce ana yaɓen ɗakuna, da tafin hannu ake shafa laka, shi ya sa za ka ga sawun yatsu a kowane bango. Shekarar da ta biyo muna yaɓen ɗakin Inna, sai na ga Baba ya tsaya yana dube-dube, laka na bushewa a gabansa. Na ce, "Baba, me kake nema?"

Ya ce, "Samo mini sakaina."

Da ɓallin ƙwarya ya shafe bangon, sumul, ba sawun yatsa ko ɗaya. Haka ya riƙa yi kowace shekara har ya rasu. Ɗakin yana nan a tsaye, kuma duk gidanmu shi kaɗai ne bangon da ba hannun kowa a jikinsa.