Dodon da Ba Ya Taka Gidaje: Ga Aminina Sa'adu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Sa'adu mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Goronyo, bayan jinyar kwana huɗu. Ina cikin fadamata a Taloka aka kira ni, na zauna a kan kunyar albasa.

Sa'adu, tun muna samari kawunka direba ya kawo maka tsohuwar na'urar gem daga Legas, mai hannun sarrafawa biyu da kaset guda. A cikinsa akwai dodo irin na finafinan da, ƙadangare wanda ya fi bene tsawo, ya fito daga teku yana rushe birni. In mu biyu muke bugawa, kowa da nasa dodon. Yawan gidajen da ka rushe, yawan makinka. Da batirin mota muke kunna ta, kuma ba ta ajiye inda aka tsaya, in wuta ta ɗauke sai a koma farko. A lokacin babu wanda ya kai ka ɓarna, har Sarkin Rusau muke ce maka.

Sai shekarar ambaliya, da gulbi ya cinye muku gida da rumbuna a Rimawa. Ban manta ba, sai da ka taya tsofaffin unguwa uku tayar da katangarsu kafin ka kwaɓa ƙasar taka. Haka kake ko a shago: tsoho ya kawo rediyo ka gyara, ka ce ai ƙura ce kawai ka hure.

Da muka sake kunna gem ɗin bayan wannan, sai na ga dodonka yana raɓe-raɓe tsakanin gidaje kamar mai tsallake shukar maƙwabci. Na yi dariya har da hawaye. Ka ce mini, "Mode, mi kaka ma dariya? Wa as san ko da mutane ciki?" Daga ranar ba ka ƙara cin wasa ba. Shekara goma sha huɗu ina cinye ka, ina tsokanarka cewa dodonka ya tuba ya zama liman, kai kuwa ka dage cewa ana iya kaiwa ƙarshe ba a taka gida ko ɗaya ba.

Watan jiya ka kira ni. "Na gano hanya, amma ba ta biyuwa ga mutum guda. Taho ka tare mani ɗayan dodon, ni in ratsa." Na ce bari in ƙare dashe. Na ƙare dashe na ce sai bayan ban ruwa. Tsakaninmu tafiyar babur ce da ba ta kai sa'a ba, ban zo ba. Wannan ne ke cina, kuma ban san ranar da zai sake ni ba.

Ranar uku, maiɗakinka Mas'uda ta aiko mini da na'urar cikin buhu, ta ce, "Cewa yay yi a aje ma Mode, shi ad da hannu na biyu." A ciki na tarar da bayan kalanda, ka zana titunan birnin kaf da biro, ka ja layi inda dodo zai bi. Jiya na kunna, na shimfiɗa takardarka a gabana. A titin farko na taka gida. Na ajiye hannun na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo mahaifiyarka, da Mas'uda, da ɗiyarka Humaira, da jama'ar Rimawa baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, Sa'adu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Kai da ka ji tausayin gidajen da ke cikin talabijin, Allah ya gina maka naka a Aljanna, inda ruwa ba ya cin katanga. Ka yafe mini jinkirina. Amin.

Mode Iliyasu, Taloka